Ƙwaryar Iya da Makunnin Kicin

"Da gajiya, amaryata? Ya sanyin nan?"

"Sanyi lokacinsa ne. Wace ce amaryarka? Ai na kore ka tun sallar bara."

"Ba a sanar da ni ba."

"To ga shi na sanar da kai. Juya kekenka."

Misbahu bai juya ba. Ya jingine keken a bango, ya sauke jakar kayan aikinsa, ya durƙusa ya ƙarasa gaisuwa yadda ta kamata. Iya tana amsawa tana kallon jakar.

Iya kakarmu ce. Ita ta haifi babana, ita ta haifi mahaifiyar Misbahu. Shi ne jikanta namiji na fari, tun yana goye take kiransa mijinta, kuma ban taɓa ganin sun haɗu sun rabu ba tare da ɗaya ya kwashe wa ɗaya albarka ba. A shekarun farko da Dutse ta zama babban birnin jiha, babana ya sami aiki da gida a unguwar ma'aikata, sai ya je Buji ya ɗauko ta daga ruga. Shanunta suka zauna can wajen ƙanwarta, Inna Zinariya. Abin da ta taho da shi a kan cinyarta har Dutse shi ne ƙwaryar nononta, wata babba mai zanen wuƙa a baki, wadda uwarta ta ba ta ranar da aka kai ta ɗaki.

Gidan ba shi da wurin hura itace. Murhun lantarki ne a kicin, makunninsa a bango sama da kantar girki, farin akwati mai jan maɓalli da soket a gefe, inda firjin gidan yake jone. A ruga, gefen toka mai ɗumi Iya take kwantar da madara ta kama ta zama kindirmo. A gidan siminti kuwa, da sanyi ya shigo, sai madara ta kwana ta tashi tsululu. Ana nan ta gano makunnin nan yana ɗaukar ɗumi, musamman idan tukunyar ruwan alwalarta tana kan murhu. Sai ta riƙa jingina ƙwaryar da shi, ta lulluɓe su tare da tsohon zani. Kindirmo ya dawo. Ƙauri ma ya shigo gidan, irin na robar da ta ji wuta. Da safen ranar nan babana ya ji shi sosai, kafin ya tafi Kano ya aika wa Misbahu, wanda ke haɗa wayar gidaje a cikin gari, cewa lallai a cire makunnin kafin yamma.

Washegari kuma Inna Zinariya za ta zo. A zuwanta na baya ta ɗanɗana nonon Iya, ta ajiye ludayi, ta ce birni ya mai da yayarta Kaɗo, ko madara ba ta jin maganarta. Iya ba ta manta da maganar nan ba. Shi ya sa Misbahu ya same ta zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta tare ƙofar kicin.

"Matsa in wuce, Iya. Kawu ne ya aiko ni."

"Kawun naka ni na haife shi."

"Shi ya sa ya ce in yi a hankali, wai tsohuwar tana cizo."

"Da me? Kai ne kullum kake cewa ba ni da haƙori."

"Dasashinki ya fi filayata kamu. Matsa dai."

"Me za ka yi a kicin? Ko ka koma ɗan daudu ban sani ba?"

"Makunni zan canja. Ga sabo fil a leda."

"Me tsohon ya yi maka?"

"Yana zafi."

"To aikin wuta mene ne, sanyi? Hadiyya, zo ki ji malamin lantarki. Wai laifin wuta shi ne tana da zafi."

Ni ce Hadiyya. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, ban ɗago ba.

"Iya, murhu ne ya kamata ya yi zafi, ba makunni ba."

"Murhun naku mahaukaci ne, bai san ɗumi ba, sai ƙuna. Ka ajiye madara kusa da shi ya dafa ta. Wannan na bangon shi ne mai hankali. Duk gidan nan shi kaɗai ya san abin da nake so."

"Har da ni?"

"Kai ne farko. Shekara nawa da aurenmu, ko bargo ka taɓa saya mini?"

"Ke me kika kawo gidana? An ce mini za ki zo da garke, na share fili na kafa turaku, sai ga tsohuwa da ƙwarya."

"Garken yana jiran ka yi gemu. Wannan gashin na haɓarka, ko ɗan akuya aka ba shi sai ya mayar."

"Ni da 'yan matan Dutse suke layi a ƙofar shagona?"

"Layin karɓar rediyonsu da ka lalata."

"Iya, rabin gidajen garin nan ni na ja musu waya."

"Ashe kai ne. Kullum ina tambaya wane ne yake sa ana ɗauke wutar nan."

Misbahu ya yi dariya, ya leƙa ta saman kanta. Daga inda yake yana hango tudun zanin a kan kantar girki.

"Wancan me aka lulluɓe? Kin yi haihuwa ba ki gaya mini ba?"

"Kosam ne, nono. Na Zinariya. Yana barci, ka rage murya."

"To a ɗaga shi in yi aikina, in na gama a mayar."

"Ka ji Kaɗo. Madarar da ta fara kamawa ake ɗagawa? Ka motsa ta yanzu ta tsinke, gobe in ba Zinariya ruwa? Ta koma Buji ta bi ruga ruga tana ba da labarina?"

"In gidan ya kama da wuta ai labarin ya fi haka daɗi."

"Bakinka ya sari dutsen can. Ni na kwana da wuta a bukkar kara tun ubanka bai san wando ba, ko tabarma ban taɓa ƙonawa ba."

"Waccan wutar kina ganinta. Wannan a cikin bango take tafiya."

"Munafuka ce ke nan, irinka."

"To ni zan ɗaga ƙwaryar."

Iya ta miƙe. Ba ta da tsawo, amma ta cika ƙofar.

"Namiji? Ƙwaryar nono? Kakanka da ya biya sadakina da bijimi, har ya koma ga Allah bai taɓa sa mata yatsa ba. Kai da ko zakara ba ka bayar ba?"

Wannan ba wasa ba ne, kuma Misbahu ya sani. A gidanmu saniya ta namiji ce har zuwa lokacin da madara ta sauka a ƙwarya, daga nan kuma babu ruwansa. Ya juyo wajena.

"Hadiyya, taimaka ki ɗauke mana."

"Hadiyya, ki motsa daga wurin nan ki gani."

Na ci gaba da tsintar shinkafa.

Misbahu ya ajiye jaka, ya jawo turmi ya kifa, ya zauna a kai ya miƙe ƙafa kamar wanda ya zo wuni.

"Shi ke nan. Na fasa. Amma wace irin mata ce miji zai zo tun hantsi ko ludayi ɗaya ba a ba shi ba? A ce gidan Bafulatana ne?"

"Ka ci a shagonka."

"Na roƙa dai. Hadiyya shaida ce. In Inna Zinariya ta zo zan gaya mata na roƙi nono a gidan nan an hana ni."

Iya ta dube shi ta dube ni. Wanda ya buɗe baki ya roƙi nono ba a hana shi, ko maƙiyi ne. Ta ja tsaki, ta shiga kicin, ta buɗe firji ta ɗauko ƙaramar ƙwarya mai ragowar kindirmon jiya, wanda shi ma a jikin makunnin ya kwana. Ta dangwara masa da ludayi.

"Sha, mayunwaci. Ka ji abin da uwarka ba ta iya ba."

Ya kai ludayi baki, ya riƙe a baki, ya lumshe ido.

"Kai! Madalla. Wannan na wace mota ce?"

"Me?"

"Tayar. Ta gaba ce ko ta baya?"

"Ubanka ne taya."

"Wallahi Iya da an ƙara masa ɗan kauri da na liƙe facin kekena da shi."

"Harshenka ne ya mutu da cin wayar lantarki. Hadiyya, zo ki sha ki ƙaryata shi."

Na taso na sha. Kindirmon ya kama kamar a yanka da wuƙa, tsaminsa daidai, amma a ƙarshensa akwai wani abu da ke maƙalewa a maƙogwaro. Kwana biyu ina jinsa a fura, ina cewa ko hancina ne.

Na ce, "Iya, akwai ɗan ƙauri."

"Kun haɗa baki."

Ta karɓe ludayin. Ta kurkure bakinta da ruwa tukuna, ta ɗiba, ta sa a harshe, ta daɗe ba ta haɗiye ba. Ita ce mai wuni a kicin ɗin, hancinta ya saba da ƙaurin har ya daina gaya mata. Harshenta kuwa bai saba ba, don Iya ba ta cika shan nonon da ta yi ba, ba wa mutane take yi. Ta ajiye ludayin a hankali. Ba ta kalli kowa ba, ta juya ta shiga kicin, ta kama gefen zanin ta yaye.

Wajen da zanin ya taɓa makunni ya yi ja ya bushe, tana ja ya yage. Farin akwatin ya koma ruwan ƙasa, gefensa ya lotsa. Ta sa hannu biyu ta juyo ƙwaryar. A bakinta, daidai kan zanen wuƙar, akwai baƙin tabo kamar faɗin tafin hannun jariri.

Iya ta shafa wurin da babban yatsa, ta duba yatsan, ta sake shafawa. Daga nan ta ɗauki ƙwaryar da kanta, madarar tana tangaɗi tana tsinkewa a ciki, ta fito da ita tsakar gida ta ajiye a inuwa.

"Shiga ka cire shi. Maci amana."

"Ni ko shi?"

"Ku duka."

Misbahu ya fara zuwa wajen mita ya kashe babban makunnin gidan, ya zare fis ɗin kicin ya jefa a aljihunsa.

"Hadiyya, kin ga ɓarawo. Ya fara kwashe kayan gida."

"Don kada ki bi bayana ki mayar da wuta ki ci gadona."

"Gadon keke?"

Ya dawo ya ɗora testa a kan wayoyin ya tabbata babu wuta, sannan ya kwance murfin da sukundireba. Da ya jawo shi sai ƙaurin ya fito gaba ɗaya, har Iya ta toshe hanci da mayafi. Jar wayar ta yi baƙi, robarta ta narke ta manne da akwatin. Ya taɓa ƙusar da ke riƙe ta, ta juya da yatsa kawai.

"Kin ga masoyin naki. Ƙusa ce ta yi sako-sako, wuta tana tsalle tana cin roba. Ɗumin da kike yabo ke nan."

"Ko ba komai ya yi mini wata biyu yana aiki. Kai fa?"

"Riƙe mini filaya."

"Ni yarinyar shagonka ce?"

Ta riƙe. Ya yanke inda ya ƙone, ya fere sabon baki, ya shiga jera wayoyin a sabon makunnin: masu kawo wuta a nasu gurbin, masu tafiya murhu a nasu, ja wajen ja, baƙa wajen baƙa.

"Wannan koriyar fa? Ado ce?"

"Ita ce mai kai wuta ƙasa idan ta ɓace hanya, don kada ta bi ta jikinki."

"Ta bi mana ta gani. Kunama ta harbe ni a Garki, ita ce ta mutu."

"Na ji labari. An ce har yau danginta suna zaman makoki."

Ya ɗaure kowace ƙusa, ya ja wayar ya ji ba ta motsi, ya sake ɗaurewa. Ya rufe, ya mayar da fis, ya kunna. Firji ya yi gurnani ya tashi. Ya ɗora tukunyar ruwa a murhu har ta fara ƙara. Iya ta matso ta ɗora tafin hannunta a kan sabon makunnin, ta jira, ta juya bayan hannu, ta sake jira.

"Sanyi ƙalau. Ka kawo mini gawa ka manna a bango."

"Haka lafiyayye yake."

"To madalla. Gida ya tsira. Gobe sai ka zo ka tsaya ka ji abin da Zinariya za ta ce."

Ta faɗi haka ba da muryar wasa ba, ta fita ta zauna kusa da ƙwaryarta. Misbahu ya shiga tattara guntayen waya. Ya sunkuya zai gyara wayar firji da ta naɗe a baya, sai na ga ya tsaya, hannunsa a bayan firjin.

"Amarya."

"Na mutu."

"In kin tashi, zo ki kawo hannunki."

"Ka kashe makunni, saura ni?"

Ta zo dai. Ya nuna mata baƙin ƙarfen nan mai kama da raga da ke bayan firjin. Ta miƙa hannu da ƙyar kamar mai taɓa baƙuwar saniya. Ta bar shi a wurin. Ta matsar da shi sama, ta dawo da shi ƙasa.

"Wannan abin da cikinsa ƙanƙara, bayansa ɗumi?"

"Haka aka yi shi. Wannan ɗumin halal ne, ba ya cin roba. Sharaɗi ɗaya: ki ajiye a gefe, ban da lulluɓe shi da zani, yana son iska."

"Fuska biyu gare shi. Lallai ɗan birni ne."

"Zai yi ko ba zai yi ba?"

"Wa ya sani? Ko zai yi, da wace madarar? Waccan ta tsinke, irin ma da zan zuba duk ƙaurin tayarka ne."

Ta dube shi, ta dubi keken.

"A'a, Iya. Ina da aiki a Kiyawa."

"Rugar su Ashafa tana bayan dutsen nan. Ka ce wa matarsa ni na aiko ka, madarar yamma da ɗan tsohon kindirmo. Ta zuba maka a galan ta ɗaure da kanta, kai dai kada ka buɗe."

"Ɗazu namiji ba ya taɓa nono."

"Galan za ka taɓa. Jaki ma yana ɗauka."

Ya tafi yana mita, ya dawo kafin magariba. Iya ta wanke ƙwaryar da toka har sau ba adadi, ta shanya, ta shinshina, ta sake wankewa. Ƙaurin ya fita, tabon bai fita ba. Ta tafasa madarar, ta bar ta ta huce, ta zuba iri, ta rufe da faifai. Ni na jawo mata ƙaramin benci zuwa bayan firji, ita ta ɗora.

Inna Zinariya ta iso da hantsi a motar kasuwa. Misbahu ya riga ta zuwa, wai ya zo duba aikinsa. Bayan an gama gaisuwa da tambayar shanu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, Iya ta shiga ta fito da ƙwaryar, ta ajiye, ta juya tabon wajen kanta. Ta ɗaga faifai. Ta tsayar da ludayi a tsakiya, ta sake shi, bai faɗi ba.

Inna Zinariya ta sha. Ta sake sha. Ta goge baki da bayan hannu.

"Hm. Ashe hannun bai mutu ba."

"Da wa ya ce miki ya mutu?"

"A sanyin nan, a gidan siminti, ba toka ba murhu. Adda, a ina kika sami ɗumi?"

Misbahu ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"Ai Inna, in gaya miki, akwai wani ɗan birni mai fuska biyu..."

Ban taɓa ganin Iya ta tashi da sauri irin na ranar ba. Kafin ya ƙarasa ta shiga ɗaki ta fito da curin man shanun da take ɓoyo a ƙasan gado, wanda ko babana bai isa ya tambaya ba, ta danƙa masa a hannu ta naɗe yatsunsa a kai.

"Ungo, maigida. Ba ka ce kana da aiki a Kiyawa ba?"

"Maigida kuma? Ba an kore ni ba?"

"Na mayar da kai. Tashi ka tafi."

"Da sadaki ko babu?"

"Ga shi nan a hannunka, ɗan banza," in ji Iya, dariya ta ƙwace mata har tana riƙe bango. "Hau kekenka kafin ya narke."